FARIN RUWAN INABI NA KANTI: MUN ƊANƊANA, GA ABIN DA HARSHE YA FAƊA

A 'yan shekarun nan, duk mai zuwa walimar aure ko ta suna a Anguwan Rogo da unguwannin da ke kewaye da ita cikin garin Jos ya san akwai wata baƙuwa da ta sami wurin zama a kan tebur. Doguwar kwalba ce mai siririn wuya, an naɗe mata kai da takarda mai ruwan zinariya, an ɗaure murfinta da 'yar waya. In an zo buɗe ta sai ta yi ƙara kamar an harba bindigar wasa, kumfa ya taso, yara su yi sowa. 'Yan zamani suna ce mata wayin, waɗansu su ce shamfen, dattawa kuwa su ce ruwan inabi. A da, zoɓo da kunun aya da lemon kwalba su ne ke cika taro. Yanzu kuwa teburin manyan baƙi da ba a ga kwalbar nan a kansa ba, sai a ga kamar mai gida ya yi ƙwauro.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, yawancin masu sayen kwalbar nan kyan rigarta suke saye, ba su san abin da ke cikinta ba. Magidanci zai fitar da kuɗin da zai ishe shi sayen lemon kwalba da yawa, ya ɗauko guda ɗaya tal, bai karanta ko layi ɗaya na rubutun da ke jikinta ba. Saboda haka muka sayo waɗansu daga cikin farare masu sauƙin kuɗi, muka tara masu harshe, aka ɗanɗana. Tambayoyinmu uku ne. Mene ne a ciki? Ya kai kuɗinsa? Kuma yaya mutum zai tabbata abin da ya kai gidansa ba barasa ba ce?

KANTI BAI RABU BA

Tambaya ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma a Jos ta fi nauyi bisa ga Kano ko Katsina. Kamar yadda mai karatu ya sani, Jos gari ne da kuza ta haɗa. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka shiga haƙar kuza gadan-gadan a tsaunukan nan, har jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mutane suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa. Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauransu suka zo suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, kowa da abincinsa, kowa da abin shansa.

Tun daga rikicin watan Satumba na 2001 da waɗanda suka biyo bayansa, unguwannin garin suka rarrabu bisa ga addini. Anguwan Rogo, wadda ke gefen hanyar Bauci daura da Jami'ar Jos, unguwar Musulmi ce, ba a kuwa saba ganin barasa a shagunanta ba. Amma manyan kantunan cikin gari, irin na titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus, na kowa da kowa ne. Unguwa ta rabu, kanti bai rabu ba. Shi kuwa mai kanti bisa ga kama yake jera kayansa. Duk doguwar kwalba mai hoton inabi wuri ɗaya takan zauna, mai barasa da marar barasa suna gogar juna, kamar an tsaga kara. Yaron da aka aika da sauri ranar biki, ko dattijon da bai iya karatun Turanci ba, hannunsa na iya sauka a kan kowace.

Daga cikin marasa barasa da aka fi sani a kantunan ƙasar nan akwai Eva da ake kawowa daga Sifaniya, da Chamdor daga Afirka ta Kudu, da Pure Heaven, da Veleta wadda ake yi a nan gida. Amma sunaye sun yi yawa ainun, kullum kuma sababbi na shigowa, don haka haddace suna ba zai fisshe mutum ba. Abin da zai fisshe shi shi ne ya san irin abin da ake zubawa a kwalaben.

IRI HUƊU NE

Da farko dai, me ya sa ake cewa fari? Launin inabi a fatarsa yake. In an matse koren inabi, ko kuma an matse baƙi aka yi maza aka raba ruwan da fatar, ruwan da zai fito garai-garai ne, mai ɗan kore-kore ko ruwan ɗorawa kaɗan. Shi ake kira fari. Wannan ruwa cike yake da sukari. In an bar shi, ƙwayoyin yis da ke jikin 'ya'yan itacen da cikin iska sai su shiga cin sukarin, suna mayar da shi barasa da iskar gas. Wato dai hanyar da dawa kan bi ta zama burkutu, ita ce inabi kan bi ya zama giya. To, daga nan ne kwalaben kanti suka kasu kashi huɗu.

Na ɗaya shi ne ruwan inabi tsantsa wanda ba a bari ya tsimu ba. Da an matse sai a dafa shi sama-sama don a kashe yis ɗin, a sa masa gas, a rufe. Wannan dabara ta daɗe. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch, wanda ba ya ƙaunar barasa, ya bi hanyar dafa abu sama-sama da masanin nan na Faransa Louis Pasteur ya gano, ya samar wa cocinsu ruwan inabi marar sa maye. A jikin irin wannan kwalba za ka ga an rubuta “100% grape juice”.

Na biyu shi ne haɗi. Akan ƙafe ruwan inabi a ƙasar da aka noma shi har ya yi kauri kamar zuma, don ya yi sauƙin ɗauka a jirgin ruwa. In ya iso sai a tsinka shi da ruwa. Waɗansu masana'antu a nan suke tsayawa, waɗansu kuwa sai su ƙara ruwa fiye da kima, su cike gurbin da sukari da ɗan tsami da ƙamshin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Alamarsa ita ce kalmar “drink” a maimakon “juice”. Ga kuma wata dabara da ya kamata kowa ya riƙe: a ƙa'ida, ana jera sunayen kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. In ka ga ruwa ne a farko, sukari na biye, inabi kuwa can baya, to ka san abin da ka saya.

Na uku shi ne wanda aka bari ya zama giya sosai, sa'an nan aka zare masa barasar. Wani mai sana'ar giya a Jamus, Carl Jung, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1908. Barasa takan tafasa a digiri 78, amma in an zuƙe iskar da ke cikin tukunya sai ta tashi tun zafi bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba, ta bar ruwan bai ƙone ba. Sai dai ba kullum take fita duka ba. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, an yarda a kira abu “de-alcoholised” ko da akwai ragowar barasa har rabin kashi ɗaya cikin 100.

Na huɗu kuwa ita ce giyar kanta. Farar giyar inabi yawanci tana da barasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100. Akwai kuma masu zaƙi da kumfa waɗanda barasarsu ba ta wuce kashi 5 zuwa 7 ba, su ne kuwa suka fi ruɗi, domin zaƙin yakan ɓoye barasar, mai sha ya ɗauka lemo ne. Alamar ita ce 'yar lamba a ƙasan takarda, yawanci da ƙananan baƙaƙe, kamar haka: “12% vol” ko “alc. 5.5%”. Duk inda ka ga lamba irin wannan wadda ba sifili ba, akwai barasa a ciki.

Game da hukunci, malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa ruwan inabin da bai tsimu ba halal ne, giya kuwa haramun ce. A kan na uku ne maganganunsu suka bambanta. Waɗansu sun duba cewa ba ya sa maye, waɗansu kuma sun duba cewa asalinsa giya ce kuma ba a raba shi da ragowa. Wannan fage na malamai ne, mai son bayani sai ya tuntuɓi malaminsa. Mu dai ba mu sa shi cikin gwajinmu ba, tun da ga na ɗaya da na biyu waɗanda babu kokwanto a kansu. Wannan bayani kuwa ba Musulmi kaɗai zai amfana ba, gama da yawa daga cikin Kiristocin Filato ma ba sa kusantar barasa, kuma kwalaben nan suke saye a bukukuwansu.

YADDA AKA YI GWAJIN

Ido yakan yaudari harshe. Turawa masu sana'ar ɗanɗana giya sun ga wannan da kansu. A watan Mayu na 1976, wani Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara manyan masanan giya na Faransa a birnin Faris, ya ba su giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka haɗa maki, sai ga ta Kalifoniya, wadda suka saba rainawa, ta zo ta ɗaya, fara da ja duka. Haka kuma a 2001, a Jami'ar Bodo ta Faransa, aka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano aka ba ɗalibai 54 masu koyon sana'ar, sai suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. In masu sana'a sun ruɗe, ina ga ni da kai?

Saboda haka muka ari dabararsu, muka bar musu abin shansu. Muka sayo kwalba uku farare daga wani kanti a cikin gari, duka marasa barasa, duka daga cikin masu sauƙin kuɗi. Muka ƙara da abu na huɗu a asirce, wato farin lemon kwalba na yau da kullum, irin wanda ake sayarwa a kowane shago. Aka sa su cikin ƙanƙara har suka yi sanyi daidai wa daida. Wani yaro ya zuzzuba a tambulan a bayan labule, kowane tambulan da lambarsa, ba wanda ya ga kwalba.

Masu ɗanɗanawa mutum huɗu ne, a wani zaure a Anguwan Rogo bayan la'asar. Akwai mai shayi wanda ya shekara da shekaru yana auna sukari da ido. Akwai dattijo tela. Akwai ɗalibin jami'a wanda ya sha halartar liyafa a manyan otal. Ta huɗu uwargida ce mai dafa abincin biki, ita aka aika mata da nata cikin gida a kan faranti. Aka ajiye ruwa da busasshen burodi don wanke baki tsakanin tambulan da tambulan.

Abubuwa huɗu aka ce kowa ya lura da su. Na farko ido: a ɗaga tambulan a haske, a ga ko ruwan garau yake, a kuma dubi kumfa, ƙanana ne masu tashi a hankali ko manya masu fashewa nan da nan. Na biyu hanci: a ɗan kaɗa, a sansana, a ji ƙamshin 'ya'yan itace ne ko na alewa. Na uku harshe: a kurɓa kaɗan, a bar shi ya zagaya baki, a ji yadda zaƙi da tsami suke riƙe da juna. Na huɗu maƙogwaro: bayan an haɗiye, me ya rage? Abu mai kyau yakan bar baki wasai, mutum ya so ƙari. Marar kyau yakan bar yauƙi a harshe, mutum ya nemi ruwa.

ABIN DA HARSHE YA FAƊA

Tambulan na ɗaya ruwan ɗorawa ne mai ɗan duhu, kumfarsa kuma ta daɗe tana tashi. Ƙamshinsa ya cika hanci tun ba a kai shi baki ba. Ɗalibi ya yaba da wannan, amma tela ya ce abin ya yi masa kama da turaren da 'yan mata ke fesawa, uwargida kuma ta aiko da cewa ƙamshin kanti ne irin wanda take sa wa kek. A baki zaƙi ne ya yi sarauta, tsami bai ko leƙo ba. Kurɓi na farko da daɗi, na uku ya fara ginsa. Mai shayi ya ce da shi ya haɗa wa mutum shayi haka, da an ce hannunsa ya zarce.

Tambulan na biyu ya fi na farko haske, da ɗan kore-kore a gefe. Ƙamshinsa ba ya ihu, sai an matso da hanci a ji shi, kamar an ɓare ɗanyen inabi ko koren tuffa. Shi ma yana da zaƙi ƙwarai, amma akwai tsami a bayansa mai tsinka zaƙin, da ɗan bauri kaɗan a ƙarshe irin na fatar inabi. Bayan an haɗiye baki ya zauna wasai. Wannan ne kaɗai tela ya shanye duka, uwargida ma tambulan ɗinta wayam ya dawo.

Tambulan na uku da na huɗu su ne suka kawo gardama. Duka biyu fari fat kamar ruwan famfo, duka biyu kumfarsu manya, ta taso da ƙarfi ta kwanta nan take. Na uku yana da ɗan ƙamshin alewa, na huɗu yana da ƙamshin lemon tsami. Ɗalibi da tela suka ce ai waɗannan ɗanjuma ne da ɗanjummai, in akwai bambanci to na huɗu ya fi wartsakarwa. Mai shayi da uwargida kuwa suka gane na huɗu lemon kwalba ne, amma su ma ba su ɗora na uku a kansa ba.

Da aka yaye labule, ga abin da ya bayyana. Na ɗaya shi ne mafi tsada cikin ukun, haɗi ne na inabin da aka ƙafe da ƙarin sukari da ƙamshi. Na biyu, wanda ya ci gasar, kuɗinsa matsakaici ne, takardarsa ba ta da wani ado, amma ruwan inabi ne tsantsa da gas. Na uku shi ne mafi araha, kuma duk ya fi su ƙyale-ƙyale, da zinariya a wuya da hoton kambi a gaba, alhali kuwa ruwa da sukari ne a farkon jerin kayan haɗinsa. Duk da arahar tasa, kuɗinsa ya ninka na lemon kwalbar da ya kasa kayarwa. Masu magana sun ce araha ba ta ado. Wannan arahar ta yi ado, amma a waje kawai.

Ba mu ambaci sunayen kwalaben ba da gangan. Harshen mutum huɗu a zaure ɗaya ba zai zama hukunci a kan masana'anta ba, kuma kamfani yakan sauya haɗinsa. Darasin dai shi ne, abin da harshe ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce a bayan kwalba. Wanda ya iya karanta takardar baya, ya ɗanɗana tun bai biya ba.

SUKARIN DA BA A GANI

Kada mai karatu ya ɗauka tun da na biyu tsantsa ne, to magani ne. Inabi yana cikin 'ya'yan itace mafiya sukari. Ruwansa yana ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowace mililita 100, alhali lemon kwalba baƙi da aka sani bai wuce giram 11 ba. Kwalbar nan mililita 750 take ci. In ka yi lissafi, sukarin da ke cikinta ya haura giram 110, wato kusan cokalin shayi 28.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jikinsa ke bukata, wato wajen giram 50, ko cokali 12. Ta kuma lissafa ruwan 'ya'yan itace a cikin irin wannan sukari. Ke nan babban tambulan ɗaya ya cinye kashi uku cikin huɗu na rabon yini. Gwamnatin Tarayya ma ta lura da yawan shan zaƙi, shi ya sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari.

A nan muna jan kunnen masu ciwon sukari da 'ya'yansu. Sau da yawa a wurin biki za ka ga an hana dattijo lemon kwalba don lafiyarsa, sa'an nan a cika masa tambulan da ruwan inabi, wai ai 'ya'yan itace ne. An gudu ba a tsira ba ke nan. Haka kuma masu ciwon asma su duba kalmar “sulphites” a jikin takarda. Sinadari ne da ake sawa don kada abin ya lalace, ba ya cutar da yawancin mutane, amma yakan tayar wa waɗansu masu asma da ciwonsu.

A YI HATTARA DA JABU

Duk abin da ya sami kasuwa, 'yan jabu na biye da shi. A watan Disamba na 2023, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta kai samame wata kasuwa a garin Aba ta Jihar Abiya, ta rufe shaguna fiye da 200 inda ake haɗa jabun giya da lemo da sauran kayan sha, ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Kayan irin waɗannan wurare mota suke shiga su bazu ko'ina, musamman gab da Kirsimeti da Salla, lokacin da ake rububi ba a tsayawa dubawa.

Don haka kafin ka biya, duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi abin, da ranar da zai lalace. Duba ko takardar ta zauna daidai, rubutunta bai dusashe ba. Taɓa murfi ka ji ko an taɓa kwance wayar. Ɗaga kwalbar a haske, in ka ga gurɓata ko wani abu na yawo a ciki, mayar da ita. In kuɗin ya faɗi ƙasa da na ko'ina ƙwarai, tambayi kanka dalili. Kwalbar da ta yi kwanaki tana shan rana a bakin titi ma a bar ta, domin zafi yakan dafa ruwan, launinsa ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya koma kamar na ƙonannen sukari. Bayan biki kuma, masu gida su daina sayar da kwalaben da takardunsu lafiya lau. A yage takardar tukuna, don kada kwalbarka ta dawo maka da ruwan wani.

DA ME AKE SHA?

Sanyi shi ne rabin daɗin wannan abu. Sanyi yakan danne zaƙi ya fito da tsami, da ya huce kuwa sai ya koma ruwan alewa. A watan Disamba da Janairu hunturun Jos kan yi rabin aikin, gari ne da ke bisa tudu wajen mita 1,200, amma a bazara sai an nemi ƙanƙara. A sa kwalbar cikin bokitin ƙanƙara, kada a jefa ƙanƙarar cikin tambulan, don takan tsinka shi ya zama lami. Wajen buɗewa kuma kada a girgiza, kada a auna fuskar kowa. Murfin nan ya isa ya fasa ido.

Mun gwada wanda ya ci gasar da abinci iri-iri. Da tsire da balangu da kilishi ya yi daidai, zaƙinsa na kwantar da yaji, tsaminsa na wanke maiƙo. Da soyayyen dankalin Turawa na Filato da dambun nama ma haka. Amma da alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda su ne kayan bikinmu, bai tafi ba ko kaɗan. Zaƙi ya hau kan zaƙi, kowa ya kashe ɗan'uwansa. A wurin nan shayi ba sukari ko ruwan tsamiya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe, in an buɗe a shanye a ranar, ko a sa a firji a shanye cikin kwana biyu ko uku. Mun faɗa a baya cewa dafawa ce ta hana shi tsimuwa. Da an buɗe murfi yis ɗin iska ya sami ƙofa. Kwalbar da aka bari a ɗaki mai zafi kwana da kwanaki, har ta soma tsami da wani irin wari, ta kama hanyar zama abin da aka guje wa tun farko. Matan da ke yin zoɓo da kunun zaƙi sun san wannan tun kafin a zo da kwalba. A zubar kawai.

HUKUNCINMU

Farin ruwan inabi na kanti, in tsantsa ne kuma ya yi sanyi, abin sha ne mai daɗi, ya kuma cancanci a sa shi gaban baƙo. Amma fa a sani, rabin kuɗinsa na kwalba ne da murfi da ƙarar buɗewa. In don ƙarar nan ake so, babu laifi, biki ai da armashi ake yinsa. In kuwa don harshe ne, to mai kuɗi kaɗan ya sayi tsantsa guda ɗaya ya fi ya sayi haɗi guda uku. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba kada ya ci bashi don kwalba. Zoɓon da ya ji citta da kanumfari, ko kunun aya mai dabino da aka yi da safe, ba su da abin jin kunya a kan kowane tebur.

Akwai kuma abin tunani ga masu hali. Manoman Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya, sun yi suna wajen noman inabi, ana kai shi manyan biranen ƙasar nan a kwali. A nan Filato, ƙasar da ke ba da dankalin Turawa da sitiroberi na Chaha kusa da Vom, ba a rasa sanyi da ƙasa mai kyau ba. Duk da haka yawancin ruwan inabin da muke sha a biki daga ƙetare yake zuwa, ko a kwalba ko a ƙafe cikin ganga, da kuɗin waje ake sayo shi. Ranar da wani ɗan kasuwa zai kafa injin matsa kusa da gonakin nan, manomi zai huta da asarar inabin da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa, mai biki kuma zai san gonar da abin shansa ya fito.

Kafin wannan rana, shawararmu ga mai zuwa kanti ita ce ya juya kwalba ya karanta bayanta. In bai iya ba, ya tafi da wanda ya iya, ko ya tambayi mai kanti ƙarara ko akwai barasa, ya sa a nuna masa inda aka rubuta. Masu kanti kuma muna roƙonsu su raba wa kwalaben nan wuri, su sa alama babba da Hausa da Turanci, abin ba zai ci musu ko kwabo ba. Tambaya ba ta ɓata hanya. Allah ya sa mu dace.